Rigar Tsohuwar Mota a Garin Yerwa

Wani yaro ɗan unguwarmu, wanda mahaifinsa ya rasu bara ya bar masa farar Peugeot 504, ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya gaishe ni, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Baba, wane irin tamfol zan saya in rufe motar nan? Rana tana cinye ta." Na ce ya same ni a gida bayan isha'i, don maganar ba ta tsaye ba ce. Abin da na faɗa masa a daren nan shi nake so in shimfiɗa muku, ku 'ya'yana da ƙannena da tsohuwar mota ta faɗo hannunku, ko ta hanyar gado, ko don sha'awa ta sa kun tara kuɗi kun saya.

Ku fara sanin abin da kuke riƙe da shi. Wannan Fijo da wasunku suke gani kamar tarkace, a Faransa aka fara fito da ita a 1968, a shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai, kuma a 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, tseren da yake karya motoci kamar kara. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka yi ta fitar da 504 a can har kusan shekara talatin, bayan Turai ta daɗe da daina yin ta. Ita ce ta ɗauki gwamna, ta ɗauki alƙali, ta ɗauki malamin makaranta da ya ci bashin mota. Doguwar 504 kuwa ita ce ta riƙe hanyar Maiduguri zuwa Kano ta Damaturu da Potiskum, kusan kilomita 600, shekara da shekaru. Amare nawa aka kai ɗakinsu a cikinta bayan daren wushe-wushe, Allah kaɗai ya sani. Yau ba a ƙera ta. Ƙofar da ta ruɓe, sai dai ka je ka ciro ta wata da ta mutu. Saboda haka duk abin da zai taɓa jikinta kullum, dare da rana, ya cancanci a zauna a yi tunani a kansa.

Na san wannan ne ta hanya mai ciwo. A 2014, lokacin da gari ya yi zafi har muka kwashe iyali muka koma Kano na wasu watanni, na tsaya a tsakar gida ina duban Marsandin mahaifina, ƙirar 200 ta ƙarshen shekarun 1970. Ban iya tafiya da ita ba. Na sayi tamfol mai kauri, sabo fil, na lulluɓe ta tun daga rufi har ƙasa, na ɗaure da igiya, na jera bulo a gefe don kada iska ta samu kafar shiga. Na tafi zuciyata a kwance cewa na yi mata gata. Damina ta zo ta wuce a kanta. Ranar da na dawo na yaye tamfol ɗin, warin da ya fara buguna shi ya gaya mini komai. Kujerun sun yi funfuna, fentin rufi da na bonet ya yi ƙuraje kamar fatar da ruwan zafi ya zuba wa, ƙasan ƙofofi ya yi ja da tsatsa, ɓeraye sun yi sheƙa a bayan batir sun ci wayoyi. Motar da ta yi shekara talatin da ɗoriya a rana ba ta ruɓe ba, wata bakwai a cikin tamfol ya kusa gamawa da ita. Har yau in na tuna mahaifina yana goge ta da safiyar Juma'a, sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙasa tana fitar da laima, musamman da damina. Da rana tamfol ya ɗau zafi, laimar ta tashi ta zama tururi a ƙarƙashinsa. Da asuba ƙarfen mota ya huce, tururin ya kwanta a kansa ya koma ruwa, kamar yadda kuke gani a murfin tukunya. Tamfol da leda ba su da ƙofar da zai fita. Gobe a sake, jibi a sake. Ruwan sama da ya daki mota a fili, kafin azahar ranar Borno ta busar da shi. Amma wanda aka kulle a ciki ba ya zuwa ko'ina. Shi ya sa na gaya wa yaron nan cewa kalmar tamfol ɗin ma ya fara cire ta daga ransa. Na san ya cika gari, fari da shuɗi, tun shekarun gudun hijira, kuma yana da araha. An yi shi ne don ya tare wa mutum ruwa daga sama, iska na ratsawa ta gefe. In kana da shi, kafa sanduna huɗu ka yi wa motar rumfa da shi, ya tsaya sama da rufinta da kamu ɗaya ko biyu. A nan zai yi maka amfani. Amma kada ya kwanta a jikinta.

To, laima ke nan, kuma watanninta ba su da yawa a nan: Yuni zuwa Satumba, Agusta ya fi tsanani. Abokiyar zamanmu ta kullum ita ce ƙura, kuma a kanta nake so ku ba ni hankalinku sosai, don nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke yi wa motocinsu illa ba su sani ba.

Hazon da yake rufe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, wanda yake hana jirgi sauka, yake sa ka share ɗaki da safe ka sake sharewa da yamma, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi. Masana suna lissafa kwarin nan a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Dubban shekaru da suka wuce, gindin wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ce kawai. Da ruwan ya janye, ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani, jibge a ƙasa, kuma ɓawon nan na sinadarin silika ne, irin wanda ake narkawa a yi gilashi. Wato farar hodar nan mai laushi da kake gogewa da tafin hannu a kan bonet, danginta ɗaya da garin kwalba. Ka haɗa ta da yashin garinmu da iska take kwasowa daga kan titi. Yanzu ka ɗauko riga, kowace iri ce, ka ɗora a kan motar da ba ka wanke ba. Iskar hunturu ta taso cikin dare, rigar ta yi ta kaɗawa, tana gogar kusurwar rufi, da kan madubi, da gefen but. Ka yi wa motarka samfefa da hannunka, wadda ba ta gajiya, ba ta hutu. Bayan wata biyu sai ka ga kusurwoyin sun dushe, wani wurin har farar ƙasa ta fenti ta leƙo.

Tsofaffin motoci sun fi na yanzu rauni a nan. Motar zamani tana da wani siririn shafe mai ƙyalli, marar launi, a saman fentinta, shi yake karɓar duka. Galibin na shekarun 1970 da 1980 masu launi ɗaya, fari ko shuɗi ko ruwan madara, ba su da shi. Launin da kake gani shi ne fatar waje. In kana so ka tabbatar, ɗiga ɗan folish a farin ƙyalle ka murza a wani lungu da ba a gani. In ƙyallen ya ɗauko launin motar, to fentinka tsirara yake. Kowace goga tana rage shi, kuma fentin asali na masana'anta in ya tafi ya tafi. Mai fenti zai iya yi maka sabo, ya yi kyau, amma duk wanda ya san mota zai gane, darajarta kuma ta sauka.

Saboda haka ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta ita ce: ba a sa wa mota riga sai an wanke ta, ta bushe sarai. In ka dawo da ita da ƙura kuma ba ka da ruwa ko lokaci, bar ta a buɗe a daren. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Rana ba sai na ja magana a kanta ba, kun san ta. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota kuwa tanderu ne. Ita take tsattsaga dashbod, ta ƙona saman kujerar baya, ta busar da robobin gilashi har su fara yoyo da damina. Don haka rigar waje ta zama mai haske: fara, ko ruwan toka, ko ruwan azurfa. Baƙa da shuɗiya mai duhu suna da kwarjini a ido, amma zafi suke tarawa.

Kafin ka taka kasuwa, tsaya ka dubi inda motar take kwana, don wurin ne zai zaɓa maka riga, ba aljihunka kaɗai ba. In tana cikin gareji mai ƙofa, ba ka da abokin gaba sai ƙurar da take shigowa ta kafar taga, kuma abin da kake bukata yadin auduga ne mai laushi, mara nauyi. Ko akoko mai kyau, in an wanke shi sau biyu ko uku sitacinsa ya fita, ya ishe ka. In tana ƙarƙashin rumfar kwano, buɗe ta gefe, kana bukatar abin da ya fi wannan ɗan kauri, mai ɗaurewa da kyau. In kuwa a fili take, ko a gindin darbejiya kamar yawancin motocin garin nan, to nan ne aikin yake.

Ina son darbejiya, kowa a Yerwa, wato Maiduguri, yana son ta. Tun zamanin Turawa da aka kawo wannan bishiya 'yar asalin ƙasar Indiya aka jera a titunanmu, ita ta mayar da garin nan wurin da mutum zai iya tafiya a ƙasa da rana tsaka. Amma inuwarta tana zuwa da kaya. 'Ya'yanta in sun nuna suna faɗowa su fashe, ruwansu ya manne. Tsuntsaye da jemagu da suke shan su suna saki daga sama, kuma kashin tsuntsu yana da tsami mai cin fenti. In rana ta gasa shi yini biyu, ko ka wanke sai ya bar tambari. Busassun ganyenta kuma suna taruwa a magudanar da take gindin gilashin gaba, su toshe ta, ruwa ya kwanta, tsatsa ta fara daga inda ba ka gani. Motar da take gindin bishiya ta fi kowace bukatar riga, kuma rigarta ta fi kowace bukatar wanki.

Rigar waje ta gari abu uku take haɗawa: bayanta ya tare ruwa da ƙura da rana, cikinta ya yi laushi, kuma gaba ɗayanta ta bar tururi ya fita. A ƙasashen da suka daɗe da wannan harka akwai yadudduka da aka yi don haka. Akwai Tyvek na kamfanin DuPont, fari, mara nauyi kamar takarda, ruwa ba ya ratsa shi cikin sauƙi amma tururi yana fita. Akwai yadin akirilik irin na rumfar jiragen ruwa, kamar Sunbrella, wanda ya fi kowanne jure rana, sai dai tsada da wuyar samu. Abin da ya fi yawa a kasuwanninmu kashi biyu ne. Akwai mai ruwan azurfa, wanda in ka duba da kyau leda ce aka manna wa farar auduga a ciki. Cikinsa da laushi, amma ba ya numfashi, kuma in rana ta dafa shi yakan fara ɓarewa ya manne a fenti. Akwai kuma mai kama da yadin jakunkunan da ake rabawa a wajen biki; shi yana numfashi, amma ranar Borno tana saurin rududduge shi ya zama gari. Tsakanin biyun, ni na fi yarda da na biyu, in dai ka sa a ranka cewa za ka canza shi da zarar ya fara zuba.

Kada ka dogara da rubutun jikin kwali. Buɗe, ka gwada da jikinka. Kafa bakinka a yadin ka hura da ƙarfi, tafin hannunka yana ɗaya gefen: in ba ka ji ko alamar ɗumi ba, leda ce, ajiye ta. Zuba ruwa kaɗan a bayansa ka gani ko zai dunƙule ya gangara ko zai nutse nan take. Goga cikinsa a kumatunka, ba a tafin hannu ba, don tafin hannu ya saba da wahala. Abin da ya karce kumatu zai karce fenti. Jiƙa farin ƙyalle ka murza, ka ga ko rini yana zuba, don rigar da take zuba tana iya rina farar mota da ruwan farko. Sannan ka ja ɗinkin da hannu biyu. Mai kaya na kirki ba zai hana ka ba.

Sai maganar girma, kuma nan ne nake ganin mun fi mutanen waje sa'a. Rigar da aka rubuta wai tana shiga kowace mota, ba ta zauna wa kowace mota daidai. Ƙaramar 504 tsawonta kusan mita huɗu da rabi ne, doguwar kusan mita 4.8. Marsandi irin ta mahaifina ta ɗan haura mita 4.7, Volkswagen Beetle kuwa kaɗan ta wuce mita huɗu, ga bayanta a dunƙule. Riga ɗaya ba za ta yi wa waɗannan duka ba. In ta yi yawa ta kaɗa ta ci fenti, in ta yi kaɗan ta yage a kan bamba. A Ingila ko Amurka mutum sai ya biya kuɗi mai yawa kafin a ɗinka wa motarsa riga daidai jikinta. Mu kuwa, tun da aka hana hawa babur a garin nan a 2011 Keke Napep ya cika tituna, masu ɗinkin rumfarsa da labulensa da kujerunsa sun yawaita, kuma hannunsu ya faɗa a kan yadi mai kauri. Sayi yadinka, ka kai motar wurin ɗaya daga cikinsu, ko ka ɗauko shi ya zo gida da tef ɗinsa. Ka ce ya yi mata shafi da auduga kamar yadda ake yi wa babbar riga. Ya juya haɗin ɗinkin ya kalli waje, kada ƙullin zare ya kwanta a kan fenti. Ya fitar wa madubai aljihu. Eriya in tana shigewa a shigar da ita, in ba ta shigewa a yi mata kafa a daje bakinta. Ya sa roba a gaba da baya, da maɗauri biyu ko uku na yadi da za su ratsa ta ƙarƙashin mota. Kada ya sa zif ko ƙawanyar ƙarfe a inda za su taɓa jiki. Ya buɗe 'yan tagogi biyu a sama, ta gefe, masu marfi kamar na aljihu, don zafi ya samu hanya. Kuma tsawonta ya tsaya a tsakiyar taya. Kada ta ja ƙasa: iska tana bukatar wucewa ta ƙarƙashi, rigar da ta taɓa ƙasa kuma tsani ce ga gara da ɓera da kunama.

Maɗaurin nan kada ku raina shi. Wanda ya taɓa ganin jan hadarin farkon damina a Maiduguri, lokacin da gabas take yin ja wur, gari ya yi duhu da la'asar, kwanon rufi ya yi ta tashi, ya san abin da iska za ta yi da rigar da roba kaɗai ta riƙe. In ta tafi da ita ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne ta cire rabi, ta bar rabi yana dukan motar da yashi har gari ya waye.

Akwai kuma abin da babu rigar da take maganinsa. Daren 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga Fori da Gwange da Gamboru, ya kai Monday Market da ƙofar fadar Shehu. An yi asarar rayuka da gidaje, kuma a gaban wannan maganar mota ƙarama ce. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma tun da mota muke magana, na ga waɗanda bayan ruwa ya janye suka wanke bayan motar, suka mayar mata da riga, alhali kafet da soson kujera suna jiƙe da laka. Wannan ita ce hanya mafi sauri ta ruɓar da ƙasan mota. Motar da ta sha ruwa, a cire batir, kada a tayar da inji sai bakanike ya duba, a fitar da kujeru da kafet, a buɗe ƙofofi huɗu a bar ta ta sha rana kwana da kwanaki. In gidanku yana kusa da kogin Ngadda ko a kwari, to da shigowar Agusta neman tudu a gidan ɗan'uwa ya fi sayen riga muhimmanci.

Abu na ƙarshe da na ja kunnen yaron nan a kai, shi ne wanda ya ci ni. Riga tana ɓoye mota daga rana, tana kuma ɓoye ta daga mai ita. Motar da take buɗe, kullum ka wuce ka gan ta, ka ga tayar da ta sace, ka ga ɗigon mai. Da ka rufe ta sai ta zama kamar wani tudu a tsakar gida, yara su hau, a jingina tabarma, a ɗora bokiti, mako ya zama wata. Ka yanke wa kanka rana guda a mako. Yaye rigar, ta hanyar naɗe ta daga gaba da baya zuwa tsakiya, yadda bayanta mai ƙura ba zai taɓa cikinta ba, kada kuma ka jefar da ita a yashi. Buɗe bonet ka leƙa ko an fara sheƙa. Tayar da injin, in da hali ka zaga da ita har ta yi zafi sosai. In ka dawo, jira salansa da bonet su huce kafin ka mayar, don yadin roba yana narkewa a kan salansa, kuma tsohuwar mota mai kafireto takan fitar da warin fetur bayan an kashe ta, gara ya watse a iska. Rigar kanta a wanke ta da ruwa da sabulu mara ƙarfi duk bayan wata ɗaya ko biyu, a shanya ta bushe ciki da waje.

Bayan kwana uku yaron ya dawo da yadi iri biyu a leda, muka hura, muka zuba ruwa, muka ɗauki ɗaya. Mai ɗinkin ya zo ranar Asabar, ya zagaye motar sau biyu kafin ya ciro tef, ya ce rabonsa da auna 504 tun yana yaron shago. Ya ɗauki awon madubai daban, ya rubuta a bayan kwali. Yanzu kowace Juma'a da hantsi, in na fito, nakan tarar da rigar a naɗe a kan igiyar shanya, ƙofofin motar huɗu a buɗe, yaron yana tsugune yana tsince ganyen darbejiya daga gindin gilashi da tsinke.